Ranar Da Kowa Ya Juya Hagu Na Juya Dama

Akwai ranar da mutum kan manta da ita tun kafin rana ta faɗi, akwai kuma wadda ko tsufa ya kwashe komai ita sai ta rage. Tawa ita ce ranar da na yi jarrabawar ɗamara ta farko a wasan takwando, kuma ba na jin za ta taɓa fita daga raina.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ne, bangayen Katsina duk sun sha hotunan 'yan takara, ni kuwa ina ajin ƙarshe a sakandare. Ba ni da surutu a lokacin, ko gaisuwa sai an kasa kunne ake jin tawa. Wata yamma ina dawowa daga laburare na leƙa tagar wata firamare a wajen Ƙofar Guga, na ga mutane cikin fararen kaya suna ɗaga ƙafa lokaci guda, suna saukewa lokaci guda. Ba faɗan ne ya ja ni ba, tsarin ne. Mai koyarwar tsohon soja ne, Masta muke ce masa. Tun da na shiga cikinsu, kullum sai ya tuna mana, "Mulkin ƙasa muka miƙa, na ɗakin nan yana hannuna. Babu zaɓe a nan!"

Baba ma'aikacin gwamnati ne, kuma bai ga abin da zai haɗa mai karatu da "kareti" ba. Na yi masa bayani cewa wannan na Koriya ne, ya ce duk tsalle-tsalle ne. Da ƙyar ya yarda, bisa sharaɗi: in na ci jarrabawar ɗamara ta farko in ci gaba, in na faɗi in ninke fararen kayan har abada. Mai yi mana jarrabawar kuwa daga Kano yake zuwa, sau ɗaya a shekara.

Ana haka jarrabawar fita sakandare ta matso, Baba ya ce ba ni ba atisaye sai na ajiye biro. A daidai makonnin nan ne Masta ya fara koyar da fumse, wato jerin motsi goma sha takwas da ake yi a tsare, juyi da kariya da naushi da shuri, kuma shi ne ginshiƙin jarrabawar. Sai na yi dabara irin ta 'yan boko. Na roƙi izinin zuwa sau ɗaya tak, don kallo kawai. Na zauna a benci gaban allo ina fuskantar 'yan ajin, na buɗe sabon littafi. Sau uku suka yi, ni kuma na zana ɗan mutum-mutumi ga kowane motsi, da kibiya mai nuna inda ya juya, da lamba a ƙasa. Masta ya leƙo ya ce, "Ka gane?" Na gyaɗa kai.

A ajinmu na takwando akwai wani ɗan kabu-kabu daga ƙauyukan Batagarawa, ya girme ni da kusan shekara goma, ga ban dariya. Da aka tashi ya ce, "Ɗan boko, in biyo gida in nuna maka? Takarda hwa ba ta shuri." Na ce na gode, ba sai ya wahala ba. Gaskiyar magana kunya ce ta hana ni, da kuma ɗan girman kan da ban san ina da shi ba.

Wata guda cur ina tashi bayan sallar asuba, in je bayan gidanmu a Ƙofar Marusa, ƙarƙashin bishiyar bedi, in jingine littafin a kan turmi in yi fumse sau ashirin. Kajin Inna ne kaɗai 'yan kallo. Har ta kai ko ido a rufe ina yi ba tuntuɓe.

Ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan takardata ta ƙarshe mai jarrabawa ya iso, wani dogo mai furfura a gemu da baƙar ɗamara da ta koɗe. Ban ankara ba sai ga Baba da babbar rigarsa, ya cusa kansa a bencin 'yan firamare can baya. "In gani da idona," in ji shi.

Uku-uku ake kira. Aka sa ni a tsakiya, ɗan kabu-kabu a damana, wani tela a haguna. Masta ya ba da umarnin farawa. Kowa ya juya hagu. Ni na juya dama.

Sai ga ni ido cikin ido da ɗan kabu-kabu. Motsi na biyu taku ne gaba da naushi, ya tako na tako, dunƙulen hannunmu saura ƙiris su gaisa. Ya zaro ido, ya ce cikin raɗa, "Kai, ina za ka? Hannunka ne wannan?" Kamar wanda ya gamu da mai mota a kan titi. Na uku juyawa ce baya, na juya, sai ga ni gaba da gaba da tela, shi kuwa har ya ɗan ja da baya don tsoro. Dariya ta fara tashi daga bayan ɗakin. Na san wani abu ya lalace, amma jikina bai san wata hanya ba sai wadda na koya masa. Haka na ci gaba, ina gumi, har na goma sha takwas.

Ban iya duban inda Baba yake ba. Mai jarrabawa ya ajiye biro ya dubi Masta. "Wa ya koya wa wannan?" Na ga laifina zai hau kan mutumin da bai ji ba bai gani ba, sai na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san ta da shi ba: "Ranka ya daɗe, ba shi ba ne. Littafina ne."

Ya ce a kawo. Ya buɗe yana dubawa shafi-shafi, can ya tambaye ni, "A ina ka zauna da kake zanen nan?" Na nuna masa bencin gaban allo. Ya dubi bencin, ya dubi inda ɗalibai ke tsayawa, sai ya fashe da dariya har da buga tebur. A nan ne ni ma na gano. Ina fuskantarsu na zana su, hagunsu ya zama damana, kamar mai duba madubi. Wata guda ina haddace abu a juye.

"Wallahi ban ga kuskure ko ɗaya a cikin kuskuren nan ba," in ji shi. "Amma ba zan ba da ɗamara a kan fumsen da babu shi a duniya ba. Me ya hana ka tambaya?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Katsinawa ke nan, kunya gare ku ba tsoro ba. To, yanzu za a shiga gwajin kare-kai da fasa katako. Kana da daga nan zuwa la'asar. Bayan salla ka fito kai kaɗai."

Da na gama nawa gwajin na fita na zauna a inuwa na zaro biro, wai zan sake zana komai daidai. Ɗan kabu-kabu, wanda ya riga ya gama nasa, ya fizge littafin ya cusa a aljihunsa. "Har yanzu ba ka daddara ba? Tashi. Tsaya bayana, ba gabana ba. Mai koyon babur bayan mai tuƙi yake zama." Na tsaya a bayansa. Ya juya hagu na juya hagu. Duk lokacin da ƙafata ta nufi tsohuwar hanyarta sai ya daka tsawa, "Hagu, ɗan boko! Hannun da ba ka cin tuwo da shi!" Tela ma ya fito ya tsaya a bayana yana gyara mini kafaɗa. Ranar Asabar ce, ranar samun fasinja, amma bawan Allahn nan ya bar babur ɗinsa a jingine har aka kira salla.

Bayan la'asar na fito ni kaɗai. Masta ya ba da umarni. Na ji ƙafata ta dama tana ƙaiƙayin tafiya, na danne ta, na juya hagu. Ba zan ce ya yi kyau ba. A motsi na tara na tsaya cak na ɗan lokaci, ina jin numfashin kowa, kafin hanya ta dawo mini. Da na kai ƙarshe na kurma ihun rufewa, har wata akuya da ke bakin ƙofa ta zabura. Mai jarrabawa ya yi rubutu, ya ɗago ya ce, "Na safe ya fi kyau, na yamma ya fi gaskiya. Ka ci."

Muka kama hanyar gida ni da Baba har muka kusa unguwa. Sannan ya ce, "Tsalle-tsallen ban gane masa ba har yanzu. Amma da ka ce littafinka ne ba malaminka ba, wannan na gane. Ka ci gaba."

Na ci gaba kuwa. Yau shekaru sun ja, tawa ɗamarar ma ta yi baƙi ta fara koɗewa, kuma har yanzu ina koyo a wurin waɗanda suka fi ni. In zan nuna wa sababbin ɗalibai fumse, baya nake juya musu, in ce su biyo ni. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne naci ba ya gyara alƙibla. Mutum na iya yin abu sau ɗari shida da dukkan zuciyarsa, ya ƙware sosai a kan ba daidai ba. Kunyar minti ɗaya na guje wa, na sayo ta wuni guda a gaban mahaifina. Tun daga ranar, kafin in duƙufa a kan kowane aiki, sai na sami wanda ya sani na ce masa, "Don Allah duba mini, nan ne hanya?"