Zamana a Bukkar Gona Shekarar Sanƙarau

Shekarar da sanƙarau ya shigo ƙasar Batsari ina goyon fari a Wagini. Turawa ne ke mulki, amma mu ba mu cika ganinsu ba, sai dai saƙonsu ya iso ta bakin dagaci.

Surukina mahauci ne, mutum mai son shiri. Tun wata yunwa da ya gani yana yaro ya tsara abin da gidansa zai yi idan masifa ta zo. Za a buɗe ƙaramin rumbu, a ɗora wa jakuna gero, kowa da kowa a tafi Babban Duhu wurin ƙanwarsa da ke auren wani makiyayi. Duk kaka sai ya maimaita mana, har muka haddace.

Da zafin bazara ya tsananta, aka fara binne mutane a Karare. Kai ya yi ciwo, wuya ya ƙage, kafin a gama jiƙa magani mutum ya tafi. Mai shela ya zagaya ya ce an hana cin kasuwa, an hana taron suna da na biki. Muka ɗaure kaya. Mun fito da jakuna ke nan sai ga wani mai tallar gishiri ya dawo daga wajen Safana. Ya tsaya daga nesa ya gaida surukina, ya ce, "Baba, in Babban Duhu za ku, ku sauke kayanku. Ciwon ya riga ku isa. Ƙanwarka ma tana kwance."

Tsohon ya saki igiyar jaki. Can ya ce, "Don yunwa na yi wannan shiri. Wannan ciwo kuwa taro yake bi. Rabuwa za mu yi."

Ni da jariri aka kai mu bukkar gona, can bayan duwatsu, da tukunya da tabarma da ɗan gero. Maigidana ya ce zai riƙa zuwa da hantsi. Da farko yakan zauna a gindin kuka ya ɗauki yaron. Daga baya masu haƙa kabari suka yi ƙaranci, ya shiga cikinsu, sai ya daina matsowa. Yakan ajiye ƙullin gari da daddawa a kan wani fako, ya ɗaga murya ya ce, "Kun kwana lafiya?" in amsa, ya juya.

Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba. A gida akwai daka, akwai surutu, akwai mai aikenka. A nan babu ko shuka da zan duba, gonar fayau take. Ni da ke kunyar ɗan fari, ko kallonsa ba na yi a gaban mutane, sai ga shi ya zama abokin hirata. Ina ba shi labarin garinmu, yana wasa da yatsun ƙafarsa. Da ramin da nake ɗiban ruwa ya ƙafe, na koma bin sawun shanu har na gano wata rijiyar makiyaya. Wata Bafulatana takan bar mini nono a ƙwarya a gefen hanya, ni kuma in bar mata gero. Ba mu taɓa zama tare ba.

Wata safiya na hango mai zuwa, amma ba tafiyar maigidana ba ce. Surukuwata ce. Ta ajiye ƙullin ta ja baya.

Na ce, "Inna, ina yake?"

Ta ce, "Yana kwance, 'yar nan. Tun jiya wuyan ya kama."

Na saɓi goyo zan bi ta. Ta ɗaga hannu ta ce, "Kul! Ni zan yi jinyarsa. In ke ma kika kwanta, wa zai shayar da wannan?"

Na koma bukka na zauna. Daga ranar, duk wanda na hango sai in zaci mummunan labari ya kawo. Surukina ne ya karɓi kawo abincin, yana dogara sanda. Shi ya gaya mini ƙanwarsa ta rasu, bai kuma samu zuwa jana'iza ba.

Sai da aka yi ruwan farko ciwon ya lafa, aka ce in dawo. Na tarar da maigidana zaune a zaure, ya rame kamar kara. Na durƙusa na gaishe shi. Ya zuba wa bakina ido. Na sake gaishe shi da ƙarfi. Surukuwata ta taɓa kafaɗata ta ce, "Ya tashi, amma ciwon ya tafi da jinsa."

Ya miƙo hannu na ba shi yaron. Mun yi shekaru masu yawa tare bayan nan, muka ƙara haihuwa, ya koma noma don ciniki a kasuwa ya gagare shi. Na koyi yi masa magana da hannu da ido. Idan yaran suna surutu a tsakar gida, yakan tambaye ni me suke cewa, ni kuma in kwatanta masa iya abin da zan iya.