Na Ce Ai Za Ta Yi Famfara

Ni na lalata wa 'yata baki, tana shekara huɗu. Lokacin ina fasa dutse a Mpape, shekarun da ake maido gwamnati daga Legas, tifa na kwasar tsakuwa zuwa Garki ba hutu. Ban yi boko ba. Uwarta ta rasu bayan yaye, sai nake tafiya da ita wurin aiki, in ajiye ta a rumfar mai shayi.

Yarinya ce mai kuka, ni kuma ban iya rarrashi ba. Na gano alewa na rufe mata baki, sai na riƙe wannan. Da safe burodi da shayi mai sukari, da rana lemon kwalba, in ta motsa alewa. Ta daina cin tuwo. A raina gata nake mata, don ni ban san zaƙi ba ina yaro. Ban taɓa wanke mata baki ba. Wata tsohuwa Bagwariya da muke haya a gidanta ta ga haƙoran gaba sun fara baƙi, ta ce in bar mata ita da rana ta ba ta doya da kunu, ta riƙa goge mata haƙori. Na ce ai na nono ne, za ta yi famfara su zube, sababbi su fito. Ta ce ai ni ma zan tsufa, amma ina wanka. Na yi dariya na wuce.

Sai haƙoran suka fara guntulewa, kumatu ya kumbura, ta kasa shan ko shayin. Wani direban tifa ya ce tsutsa ce a ciki, ruwan batir ne maganinta, shi ma da shi ya kashe tasa. Ya tsiyayo min a murfin kwalba. Na naɗa auduga a tsinken ashana na tsoma a ciki, na matse yarinyar tsakanin gwiwoyina. Ta fizge, ruwan ya zuba a dasashi da leɓe. Tana kirana Baba, ni ne kuma na riƙe ta.

A asibiti a Garki likita ta ce ba wata tsutsa, sukari ne ya ci haƙoran. Ta ce sababbin da nake jira suna kwance a ƙarƙashin waɗannan tun tuni, kuma ruɓar ta kai gare su. Ban san haka ba. Aka cire shida. Da famfarar ta zo, wasu suka fito a karkace da tabo, biyu ba su fito ba har yau. Leɓen ya warke da tabon ƙuna. Yaran makaranta suka sa mata suna kaka. Ta girma tana magana da hannu a baki.

Abin da na koya kaɗan ne. Haƙorin nono ba abin yarwa ba ne. Mai rufe bakin yaro da zaƙi kansa yake hutarwa, ba yaron ba. Ku wanke musu baki, in ya yi ciwo ku kai asibiti.

'Yar tawa ta yi aure a Uke, 'ya'yanta uku. Ba ta taɓa faɗa min baƙar magana ba. Amma in na je da tsaraba, ita ke karɓar ledar a ƙofa ta duba kafin ta bar ni in ga jikokina. Ina nan Mpape ina gadin wani shago, ciwon ƙirji ya hana ni fasa dutse.