Askar Nasara a Bakin Gamba

Ranar Alhamis ce, cikin kakar 1957, ana gobe kasuwar Dakoro, na tsinci abin da ya kusa raba gidanmu biyu. Shekarata goma a lokacin. Ba a zuwa lakwal, wato makarantar boko, ranar Alhamis, don haka Inna ta miƙo mini ƙwarya ta tura ni roron wake a gonarmu ta gabas da gari. Wake ya bushe har yana fashewa da kansa, ƙarangiya ta cika mini zane. Na kai bakin gambar da ta raba gonar Baba da ta ƙanensa, Baffa Idi, sai na ga gafiya ta tono ƙasa, cikin ƙasar kuma ga wani ɗan ƙarfe da bai wuce tsawon tafin hannuna ba. Kansa faffaɗa ne mai haƙora kamar matsefi, yana da ƙota gajera, duk jikinsa ya yi tsanwa, jar tsatsa ta cushe tsakanin haƙoran. Na ƙulle shi a haɓar zane ina murna na samo wa ƴar tsanata ta kara matsefi.

Baba mutumin kirki ne, amma idan magana ta shiga kansa ko da igiyar rijiya ba a jawo ta. A shekarar nan geronsa bai yi ido ba, na Baffa Idi kuwa ya yi, ga akuyarmu mai ciki ta mutu ba ciwon komai. Ya daɗe yana neman dalili, sai ga ni na kawo masa shi har gida. Yana ganin ƙarfen a hannuna ya ja da baya ya yi salati, ya tambaye ni inda na samo shi. Da na ce bakin gamba, bai sake tambayar komai ba. Ya ce sammu ne aka binne masa, kuma ya san wanda ya binne. Kafin la'asar an kafa dangar kara a tsakar gida, ta raba sashenmu da na Baffa. Baffa Idi ya rantse har muryarsa ta dushe, Baba ya ce sai sun haɗu gaban sarki.

Manya ne suka yi faɗa, amma ni na sha wuyarsa. An hana ni zuwa wurin Hajo, ɗiyar Baffa, wadda tare muke daka, tare muke carafke, tare muke zuwa gaɗa. Babban turmin gidan ya faɗa sashensu, sai na koma surfe a wani ɗan turmi mai tsaga, rabin hatsin kaji ke ci. Ƙofar da ta fi kusa da rijiya ma tasu ce, kullum sai na zagaya unguwa da tulu a ka. Kakarmu Iya, mahaifiyarsu, ɗakinta ya zo daidai kan dangar, ana kawo mata tuwo daga nan a kawo daga can, ta ƙi cin ko ɗaya. Shi kuwa ƙarfen an kife shi da tsohuwar tukunya a bayan rumbu, mutane na zuwa kallo. Wani ya ce kunamar bindiga ce, wani Buzu mai sayen hatsi ya ce adon sirdin raƙumi ne, wata tsohuwa ta ce matsefin aljana ne kuma za ta zo neman abinta. Ba wanda ya yarda ya taɓa shi, kuma ba wanda ya ce bai sani ba.

Ni na riga na riƙe shi rabin yini ban ga abin da ya same ni ba. Wata safiya na ɗage tukunyar na tafi da shi lakwal. Lokacin shan iska na goge ƙasan kan da yawu, sai ga alamar haruffa. Na kai wa Mushe, malaminmu, wani dogon mutumin Dahome. Ya duba ya yi dariya, ya ce rubutun ba Faransanci ba ne, amma abin askar Nasara ce, har ya gwada mini a haɓarsa yadda ake ja. Na koma gida da gudu ina ganin na kawo ƙarshen rigima. Baba ya ce shekara arba'in wanzami na yi masa aski, bai taɓa ganin aska marar kaifi ba, kuma me baƙo ya sani game da sammun ƙasar nan. Ya sa aka wanke mini hannu da rubutu, ya rufe da karin maganarsa ta kullum: "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba." Na kwana ina cizon haƙora, don ni a hannu na riƙe abin, shi kuwa daga nesa ya hango.

Iya ce ta gaji. Ta aika aka kira Sarsan Mamman, wani tsohon soja da ya yi yaƙin Nasara na farko tun yana saurayi. Ya zo da sandarsa, ya sa ƙafa ya ture tukunyar, ya ɗauki ƙarfen da hannu ƙiri-ƙiri. Ya ce Mushe ya yi gaskiya, amma ba zai faɗi shekarun askar ba sai an wanke ta, kuma tunda idonsa ya yi rauni hannunsa na rawa, wadda ta tsinta ita za ta wanke. Ya ce tsanwar nan alama ce jikinta tagulla ne, ba ya ruɓa, jar tsatsar kuwa ta rezar da aka manta a ciki ce. Na ɗebo yashi zan dirza kamar yadda muke wa tukwane, ya buge mini hannu. "Ke ɗiyar nan, yashi zai cinye rubutun, rubutun kuwa shi ne shaidarki."

Kwana huɗu na yi a kan aikin nan, ban da daka da ɗiban ruwa da ba wanda ya rage mini. Na jiƙa ta cikin ruwan tsamiya, in fitar in goge da toka mai laushi a tsumma, in bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da ƙayar aduwa, in ɗiga man gyaɗa a wuyan ƙotar in ajiye a rana. Yatsuna suka yi taushi suka fara saɓa. Sarsan na zaune a inuwa yana gyara mini kuskuren da ban yi ba, yana ba da labarin sanyin Faransa sau uku a yini. Rana ta huɗu na murɗa ƙotar sai ta juya. Askar ta rabu uku: ƙota, da faranti mai haƙora, da murfi. Ragowar rezar ta zubo kamar garin jan barkono.

Aka tara su Baba da Baffa a ƙofar ɗakin Iya, kowa a nasa gefen dangar. Sarsan ya sa na karanta masa lambobin da suka fito a jikin farantin, ya shafa ƙotar ya ji ƴar tsagar da ke gindinta, ya ce irin wannan mai buɗaɗɗun haƙora da ƙwallo a gindi hafsoshi ke riƙewa a yaƙin farko, kuma kusan dukkansu a nan suke tsagewa. Asaken da aka zo da su bayan yaƙi na biyu ba haka suke ba. Ya ce irin kaurin tsanwar da na kankare ba na damina biyu ko uku ba ne. Wani Nasara ne ya yar da ita yana wucewa arewa, tun nan wajen daji ne, kafin su Baba su zo su sari gonar. Sai ya dubi Baba ya ce, "Lokacin da abin ga ya shiga ƙasa, Idi ko wando bai fara sawa ba."

Na jira Baba ya nemi gafara. Ya yi gyaran murya ya ce dama shi bai taɓa kama sunan kowa ba. Aka cire danga, Iya ta ci tuwo, ni da Hajo muka koma babban turmi. Na ɗauka an gama. Amma askar ta fito tana ƙyalli, wani wurin fari wani wurin ruwan zinariya, kuma duk wanda ya gan ta sai ya yaba. Kafin mako ya zagayo Baba ya ce a gefen gonarsa aka tsince ta, Baffa Idi ya ce a nasa. Mutanen da jiya kowa ke rantsuwa ba ruwansa da ita. Suka kira ni shaida, na ce a tsakiyar gamba take, dukansu suka ce yarinya ba ta san iyaka ba. Iya ta yanke hukunci cewa ta mai tsintuwa ce, Baba ya karɓa ya ce zai ajiye mini tunda ba ni da gemu. Aka yi saƙon reza daga Maraɗi, Baba ya gwada wata ranar Juma'a, ya yanke haɓa wuri uku. Ya miƙa wa Baffa, shi ma ya yanke. Suka tafi wurin wanzami tare, suna zagin Nasara da aikin banzansu, kuma ban sake ganin askar ba sai da aka buɗe akwatin Baba bayan rasuwarsa.

Yanzu jikokina na sayen askar roba a bakin tasha, su yi aski sau biyu su wurgar, ba wanda zai duƙa ya ɗauka balle ya tambayi shekarunta. Gidanmu na Dakoro an raba shi da bulo, kowa da ƙofarsa, ana wata ba a ji muryar maƙwabci ba. Har yau idan na tuna kwana huɗun nan raina yakan sosu, don ba wanda ya ce mini sannu. Amma su Baba sun tafi dukansu, kuma tsakar gidan da ba a gardama a cikinta ta cika faɗi.