Kwana Tara da Zanen Hajiya Indo

'Ya'yana, a da ni dillaliya ce a Malumfashi. Gida-gida nake shiga, mata su ba ni zani ko tasa ko 'yan kunne in kai musu kasuwa. Sana'ar mahaifiyata ce, kuma har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa kuka da ita. Ni ce na lura cewa in ka taɓe baki a kan kaya, mai su kan sake su da araha. Da fari ɗan na goro nake ci a sama. Sannu a hankali na koma kushe duk abin da aka miƙo mini, har na kai ga musanya zinariya da ta jabu.

Wata rana na shiga wurin Hajiya Indo, wata dattijuwa a hanyar Dayi. A bangon ɗakinta na ga zanen fenti, ya kai girman dardumar sallah. Mata uku ne a cikin ɗaki. Ɗaya tana kitso, ɗaya ta sunkuyar da kai ana yi mata, ta ukun tana tsintar wake a faifai. Ɗanta Habu ne ya zana, lokacin yana karatu a Zariya.

Ban san darajarsa ba, na dai ji ana cewa masu hali na sayen irinsa. Na ce, "Haba Hajiya, da girmanki ki rataye hoton mutane inda kike sallah? Mala'iku fa ba sa shigowa. Kuma wa ya taɓa ganin mutum da shuɗiyar fuska?" Ta ce, "Mai kitson nan Saude ce, 'yata da ta rasu. Ba ni da wani hotonta." Na ce ta bari in ajiye mata, duk ranar da ta so gani ta aiko. Ta yarda.

Kwana tara ya yi a ɗakina. Ina tankaɗe ina kallonsa, abin yana ta ɗaure mini kai. In na matsa kusa, fenti ne kawai aka dangwala nan da can. In na ja da baya sai matan su fito, har da jeren kwanuka a bayansu. Na rasa yadda aka yi.

Na kai shi Funtua wurin Baba Tunde, mai sa wa hotuna firam, na ce masa gado na ci. Ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Mama, kin ga ta inda haske ya shigo?" Na ce ni ban ga taga ba. Ya yi dariya. "Ba a zana ta ba, amma ga haskenta a goshin wannan. Shuɗin da kike rainawa inuwa ce. Dubi yatsun mai kitso, nan ya fi daɗewa. Wanda ya yi wannan ya san ta sosai." Na so in ƙara tambaya, na fasa. Duk da haka na sayar. Shi ma wani baƙo ya saya a hannunsa, ba wanda ya san inda ya nufa.

Da Habu ya zo gida ya ga bango wayam, sai ya kai ƙara. Matan da na cuta suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Shekara guda da wata huɗu na yi a gidan yari, 'ya'yan cikina suna hannun ƙanwata. A can na shiga ajin yaƙi da jahilci, shi ya sa yau nake rubuto muku da hannuna.

Da na fito na je na durƙusa gaban Hajiya. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "An ce zanen ya kwana biyu a wurinki. Ni fuskar ta fara ɓace mini. Da wane hannu take riƙe da kibiyar kitso?" Na rufe ido. Na ce, "Da hagu, Hajiya." Ta ce, "Haka ne, bahaguwa ce. Ci gaba." Na zauna ina ta faɗa mata har aka kira la'asar. Iyakar abin da na iya mayar mata ke nan.

Don Allah, in aka miƙo muku abu ku faɗi darajarsa, in ba ku sani ba ku ce ba ku sani ba. Ku fara tambayar mai shi mene ne abin a wurinsa kafin ku taɓe baki. Kada kuma ku ari sunan addini don cin kasuwa. Ni na tuba, ta kuma yafe mini, amma har yau ba komai a bangon Hajiya.