Hulunan Yaya Dije da Zancen da Ya Ƙi Mutuwa

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayata Dije, Allah ya jiƙanta. Da damina ta rasu, amma idan na tuna ta, sanyin da ya gabaci waccan daminar nake tunawa. Shekara ce mai nauyi. Yaƙin Turawa bai ƙare ba, gishiri da yadi sun yi wuya a kasuwar Gezawa, ga tarin shiƙa yana bin yara gida-gida. Kowa a tsorace yake, kowa yana kallon maƙwabcinsa ta wutsiyar ido.

Yaya Dije a birni ta yi aure. Mijinta kuku ne a gidan wani Bature, a nan matar gidan ta koya mata saƙa da tsinkaye biyu. Da mijin ya rasu sai ta dawo ƙauye wurina, da tsinkayenta da wata tsohuwar suwaita da take warwarewa tana samun ulu. Ba sana'a ta ɗauki abin ba, ko sau ɗaya ba ta sayar ba. Idan mun gama surfe sai ta zauna a gindin rumbu tana saƙa 'yan huluna da safar jarirai, leɓenta yana motsi don ƙirga take yi. Ni na san ƙirga ce. Matan da ke leƙowa ta dangar kara kuwa abin da suke gani shi ne mace tana ƙulla zare tana magana a kansa.

Abin ya fara ne daga Hanne, amaryar maƙwabcinmu. Yaya ta ga tana yawan tofar da yawu, ta gane ciki ne, sai ta saƙa hula ta kai mata. Ta manta a wurinmu ba a yi wa ɗan da bai zo ba tanadi a fili, balle cikin fari da ko uwar miji ba ta furta ba. Goggo Tabawa, surukar Hanne, ta juya hular a hannu ta ce, “Dije, idonki har cikin mutane yake gani?” Aka yi dariya. Da jaririn ya koma kafin suna, ba wanda ya sake dariya.

Daga nan aka fara janye yara idan ta wuce. Da ɗan mai unguwa ya kwanta, aka aiko wai ta zo ta tsallaka shi, yadda ake sa mayya ta yi don ta saki kurwa. Ina tsaye ta ba da amsa: “In na tsallaka ya tashi, kun ce na saki. In ya tafi, kun ce na cinye. Ni da ƙanwata nono ɗaya muka sha, ga 'ya'yanta mata. Ba zan sa musu wannan suna da ƙafata ba.” Ba ta je ba. Yaron ya warke, aka ce tsoro ne ya sa ta saki. Da zazzaɓi ya ɗauke ta, tabarmar da muka shimfiɗa don 'yan gaisuwa ko cika ba ta yi ba.

Yau ga shi a ajinmu na yaƙi da jahilci, inda na koyi rubutun nan, har saƙa ake koyarwa. Mata suna zaune a jere, leɓen kowa yana motsi. Nakan ce da Yaya za ta leƙo, me za ta ce? Ina jin murmushi kawai za ta yi, ta gyara wa wata riƙon tsinke. Rannan Hanne ta ce wa malamarmu, “Ai Dije tamu ce, ita ta fara kawo mana abin nan.” Na dube ta, ta sunkuyar da kai. Ban yarda da wannan yabon ba. A gaban malama ake yin sa, ban san abin da ake faɗa a bakin rijiya ba.

Kuma ina da dalilin damuwa. Ɗiyata Ladi ta sami manemi daga wani ƙauye a arewa da mu, yaro mai hankali, ita ma tana son sa. Danginsa suna binciken asali, kamar yadda aka saba. Makon jiya gwaggonsa ta zo, ta ga saƙata a kan tabarma.

“Wa ya koya miki wannan, Inna?”

“Yayata Dije.”

“Af, ita ce? Na ji labarinta.”

Ba ta faɗi wane labari ba. Ta yi sallama da fara'a, amma furar da na dama mata ko kurɓa ba ta yi ba. Wataƙila a ƙoshe take. Wataƙila kuma ta biya ta gidan Goggo Tabawa kafin ta iso.

Abin da ya rage na Yaya ke nan, abu biyu: saƙar da yanzu kowa ke alfahari da ita, da zancen da ba wanda ya taɓa fitowa fili ya janye. Ita ta ƙi tsallaka yaro don ta tsare 'ya'yana. Saura ni.

Washegarin zuwan gwaggon nan na nemi izinin maigidana Malam, na yafa mayafi, na kama hanyar garinsu da ƙafa. Tunda labari ta ji, za ta ji shi daga bakin wadda ke tsaye a wurin.