Kitson da Na Yi wa Inna

A ƙauyenmu mace ba ta shiga mota zuwa birnin Sinnar da kai a tsefe. Ko kasuwa za ki sai kin gyara kanki, balle zuwa gaban likita. Da haka na tashi, kamar kowa. Ba don in wanke kaina na faɗi wannan ba, wallahi ba ya wankuwa.

Inna ta fara faɗuwa ne a shekarar da Baba ya shuka alkama a hawasharmu, gonar da ke bakin tur'a, babbar hanyar ruwan ban gona. Tana tsaka da magana sai ta yi shiru, ido ya kafe, sai dai ka ji ta a ƙasa. In ta farfaɗo ba ta san abin da ya faru ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, abu ya ƙi. Ranar da aka tsince ta a bakin tur'a, ƙafa ɗaya cikin ruwa, na ce a'a, wasa ya ƙare. Ni ce 'yarta ta fari, ni ke koyarwa a makarantar 'yan mata, duk ƙauyen ustaza ake ce mini. Na sa ta gaba muka tafi asibiti a Sinnar.

Likita ya ce sai an yi mata hoton ƙwaƙwalwa irin wanda ake liƙa wayoyi a fatar kai, na'ura ta yi zane a takarda. Ya ce ba zai fara ba ta magani ba sai ya ga zanen. Na'urar guda ɗaya ce, mutane kuwa kamar ƙasa, aka ba mu rana bayan mako uku. Wata ma'aikaciya ta miƙo mini takarda, ta soma yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa 'yan ƙauye. Raina ya ɓaci. Na katse ta na ce, "Na iya karatu." Na ninke takardar na jefa a jaka, ban sake tunawa da ita ba.

Ana jibi za mu koma, Inna ta ce, "Ɗiyata, ki yi mini kitso. Ba ni zuwa gaban mutane haka."

Na shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ta zauna tsakanin ƙafafuna. Kitso na yi mata ƙanana-ƙanana, irin na biki, tun bayan karin kumallo har la'asar. Sannan na ɗauko karkar ɗinta, man kitson da ita da kanta take haɗawa da man riɗi da kitsen rago da kakin zuma da kanumfari. Ban yi rowa ba. Kowace tsaga sai da na bi ta da ɗan yatsa na cusa mata mai, har kan yana ƙyalli. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa ina za a kai amarya. Baba ya dawo daga gona ya tsaya ya ce, "To, ni dai a dawo mini da ita." Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya. Rabon da in ga ta yi dariya haka tun kafin ciwon.

Ranar gwaji muka isa da wuri. Aka kira mu, Inna ta zauna a kujera ta zame mayafi, ƙamshin karkar ya cika ɗakin. Mai na'urar, wata mace mai gilashi, ta taɓa kan, ta dubi yatsunta, ta dube ni.

Ta ce da Larabci, "Wannan fa? Ba a ba ku takarda ba? An rubuta a tsefe kai, a wanke da sabulu, kada a sa mai ko ɗigo. Wayoyin ba za su kama ba."

Ƙofa a buɗe take. Matan da ke zaune a benci duk suka miƙo wuya, wata har ta ƙyalƙyale. Ni kuwa, ustaza guda, sai na ji bakina ya buɗe da Larabcina na makaranta, mai kyau, ba gargada: "Na gaya mata. Wallahi na gaya mata. Tsofaffinmu ba sa jin magana."

Har da rantsuwa. Kuma Inna tana jin Larabci sarai, da shi take cinikin kuɓewa a kasuwa tun ban zo duniya ba. Ba ta ɗago ba. Ta ja mayafinta ta rufe kitson, ta ce wa matar, "Ki yi haƙuri, ɗiyata."

Na roƙa a bar mu mu wanke a famfo. Matar ta ce wannan kitson kafin a tsefe shi azahar ta yi, sun rufe, kuma karkar ba ya fita da wanki ɗaya. Ta duba littafinta ta ba mu wata rana, bayan wata ɗaya da rabi.

A cikin mota na zaro takardar. Layin farko ne ma. Layin farko! Na mayar da ita jaka ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Inna tana kallon gonaki ta taga har muka sauka.

A gida duk wanda ya tambaya sai ta ce, "Ni na ɓata, na sa mai." Kafin magariba ta tsefe kitson da hannunta, ta ƙi in taɓa. Daga ranar kuma ta daina sa mai gaba ɗaya. Na ce mata ana gobe kaɗai ake nufi, ta ce a'a, ba ta sake jawo mana dawowa. To, a wurinmu macen da ke yawo da kai ba kitso ba mai, mai takaba ce. Ga Baba da ransa. Magana ta zaga ƙauye, har yayar Baba ta tako ta zo ta tsaya a tsakar gida tana cewa, "Mutuwa kike yi wa ƙanena fata?" Inna ta ci gaba da aikinta. Ni ina ɗaki ina jin komai, takardar tana jakata, ban fito ba. Kullum sai in ce gobe zan faɗa.

Saura kwana goma mu koma, tana gasa kisra, gurasarmu ta garin dawa, da safe, abin ya zo mata. Ta kife a kan ƙarfen da ke bisa wuta, hannun dama a ƙasa. Kafin ƙanwata ta ji ƙauri ta rugo ta janye ta, tafin ya ƙone. Har yau yatsunta biyu a lanƙwashe suke, ba sa miƙewa. Daga baya da aka yi gwajin aka ba ta ƙwayoyi, faɗuwar ta tsaya. Ke nan da an yi shi a ranar farko, da tana kan magani a safiyar nan. Na sha juya wannan a raina, ban taɓa samun wata amsa ba.

Ana gobe za mu koma, ni na wanke mata kai, tunda hannun yana naɗe. Ta duƙa a bakin kwano, ina zuba ruwa ina cuɗa sabulu. Gashin ya bushe, yana karyewa a yatsuna. Da yake ba ta kallona, sai na samu bakin magana.

Na ce, "Inna, ban karanta takardar nan ba. Ban gaya miki komai ba. Ƙarya na yi wa matar."

Ta ce, "Na sani mana. Ai ina wurin."

Na ce, "To me ya sa ba ki faɗa ba? Kin bari ana ta zaginki."

Ta share ruwan da ke ɗiga daga goshinta. Sannan ta ce, "Ni tsohuwa ce, in an yi mini dariya gobe an manta. Ke kuwa 'ya'yan mutane kike koya wa karatu. In aka ce ustaza ba ta karanta takardar uwarta ba, wa zai sake sauraronki?"

Kuka ya ƙwace mini, na tsaya da moɗa a hannu. Ta ɗaga hannun mai bandeji sama don kada ya jiƙe, ta ce, "Zuba ruwan, sabulu na shiga mini ido."