Malama Juwairiyya da Rokar Balan-balan

Kowace Asabar da hantsi, Malama Juwairiyya Hadi takan ɗaura zare daga tagar ɗakinta zuwa bishiyar gwanda a tsakar gida. Shekara ashirin da uku tana haka a Sabo, ban da koyarwarta ta firamare. Yaran unguwa su zura bututun shan lemo a zaren, su hura balan-balan, su manna da salatif, su saki. Fiii! Sai jikin gwanda.

"Wa ya tura shi?" takan tambaya. Sai yaro ya kara tafin hannu ya ji iska na fita ta baya, ya gano da kansa dalilin da balan-balan ke yin gaba. Haka roka take tashi.

Ni kaina na taɓa tsayawa a ƙofar gidanta na ce, "Malama, karatu muka turo su ko wasa?"

Ta ce, "Alhaji, ka ba ni lokaci."

Bara ta kai 'yata Jamilatu gasar kimiyya a unguwar Mokola. Wasu makarantun sun zo da na'urori masu batir. Jamilatu na hurawa, balan-balan ya fashe. Aka kwashe da dariya, na ji wani ya ce da Yarbanci 'yan Sabo su koma sayar da goro. Ni kuwa goron nake sayarwa. Malama ta miƙa mata wani. Wannan karon ya tafi har ƙarshen zare.

Alƙalin gasa ya ce, "Can sama babu iska. Me roka za ta tokara?"

Jamilatu ta ce, "Ba ta tokarar komai, ranka ya daɗe. Abin da ke cikinta take jefawa baya, shi ke cilla ta gaba."

Sai da mutumin ya miƙe tsaye. A keke mai ƙafa uku muka kawo kofin gasar Sabo, masu baburan okada na ta yi mana oda.

Malama, wannan watan za ki yi ritaya. Ke ce uwa ba da mama, ke kika ɗaga kan 'ya'yanmu a gaban garin nan. Na janye maganata a bainar jama'a. Allah ya saka miki da alheri.

Saura mu. Bakanike, tela, mai gyaran waya, kowa ya san wani abu. Ka tara yaran layinku ka nuna musu.